LABARIN MUTANEN DA SUKA RUBUTA SUNAYEN ITATUWANMU

Zuwa ga manoma da dagatai da masu unguwa na Utai, ƙasar Wudil. 

Kai mai karatu, in ka fita gona gobe da safe, tsaya ka ƙidaya itatuwan da ke cikinta. Watakila ka ga ɗorawa, da gawo, da kuka, da tsamiya. Tambayi wani tsoho abin da ke wurin sa'ad da ya ke yaro, za ka ji ya ambaci ƙirya, da kanya, da ɗinya, da maɗaci, har da waɗansu da ba ka taɓa gani ba. In itace ya ƙare a ƙasa, sunansa ya kan bi shi, in kuwa sunan ya ɓace, sanin amfaninsa ya tafi ke nan. Don haka muka ga ya kamata mu ba ka labarin waɗansu mutane da suka zo daga nesa domin su san waɗannan itatuwa, har waɗansu suka bar ransu a ƙasarmu, sa'an nan mu faɗa maka abin da ya rage a wuyanka.

1. Waɗanda suka fara zuwa

A shekarar 1822 Turawa uku suka taso daga Tarabulus, suka ratsa Sahara, suka iso Kukawa wurin Shehu Laminu a 1823. Sunayensu Denham, da Clapperton, da Likita Walter Oudney. Shi Oudney aikinsa tara ganyaye da furanni a hanya. Daga Barno ya kama hanyar Kano tare da Clapperton, ko da shi ke ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Ran 12 ga Janairu 1824 ya mutu a Murmur, kusa da Katagum, bai ga ganuwar Kano ba. Clapperton ya binne shi, ya shiga birni ran 20 ga watan.

Busassun ganyayen da suka tara aka kai Ingila, wani masani wai shi Robert Brown ya duba su, ya rubuta bayaninsu a 1826. A cikin wannan bayani ne ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia, domin tunawa da Mungo Park, wanda ya mutu a Kwara wajen Busa a 1806. Har yanzu masana na kowace ƙasa suna kiran ɗorawa Parkia biglobosa.

Bayansu waɗansu suka biyo ta ruwa. A 1841 aka aiko jirage su hau Kwara, da wani Bajamushe masanin tsiro, Theodor Vogel. Zazzaɓi ya faɗa musu, Turawa fiye da 40 suka mutu, shi ma Vogel bai ƙare shekarar ba. Majimfa, wadda masunta suka sani, da sunansa a ke kiranta, Tephrosia vogelii. A 1854 Likita Baikie ya hau Binuwai, ya sa mutanensa su riƙa shan kwini kullum, aka komo ba wanda ya mutu. To, kwinin nan daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu a ke fid da shi. Ka ga abin da sanin itace guda ya yi.

A 1857 Baikie ya komo tare da Charles Barter, ma'aikacin lambu. Jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba ya fashe. Barter ya ci gaba da tara tsire-tsire a ƙasar Nufe har ya mutu a Raba a 1859. Can baya kuma, a ƙarshen 1919, Angus Buchanan ya sauka Fanisau, arewa da Kano, yana tara tsuntsaye da ƙananan namun daji, kāna ya wuce Asbin a 1920.

2. Likita Dalziel

Wanda ya fi su duka yi wa Hausa aiki shi ne Likita John McEwen Dalziel. Haka a ke rubuta sunan, amma mutanen Sikotlan "Diyel" su ke faɗi. An haife shi a Indiya a 1872, ya koyi likitanci a Edinbara, ya yi aiki a ƙasar Sin, sa'an nan a 1905 ya shiga aikin likita na Afirka ta Yamma. Ya zauna a wurare da dama na Arewa, ya tara tsire-tsire a Katagum, da Sakkwato, da Kwantagora, da Yola.

Abin da ya bambanta shi da na farko shi ne tambaya. Bai isar masa ya tsinki ganye ya busar ba, sai ya nemi sunansa da Hausa, ya nemi sanin abin da a ke yi da shi: a kan ci, ko a kan rina, ko a kan jeme fata, ko magani ne, ko dafi. Matambayi ba ya ɓata. A 1916 ya fid da littafi mai suna A Hausa Botanical Vocabulary, watau jerin sunayen tsire-tsire da Hausa, kowane da sunansa na Latin da bayanin amfaninsa.

Da ya bar aikin likita sai ya koma babban lambun Kew, kusa da London, inda a ke ajiye busassun tsire-tsire na duniya. Can shi da John Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa, daga 1927 zuwa 1936. A 1937 ya ƙara da The Useful Plants of West Tropical Africa, wanda ya tattara amfanin itatuwa da ciyayi da sunayensu cikin harsuna masu yawa. Ya mutu a 1948. Littafin nan bai mutu ba, gama wani masani, H. M. Burkill, ya sabunta shi, ya faɗaɗa shi, aka fara fid da shi a 1985. Hano, wanda waɗansu ke ce wa ararrabi, itacen nan na kan duwatsu mai ɓawo kamar takarda, mai ƙaro na turare, sunansa wurin masana Boswellia dalzielii.

3. Ilmin wa aka rubuta?

Sai ka tsaya nan ka yi tunani. Dalziel bai zo da sunan sabara ko kalgo daga Edinbara ba. Daga bakin Hausawa ya ji su. Marini ne ya san baba, majemi ya san bagaruwa, maƙeri ya san gawayin ƙirya, masassaƙi ya san itacen da ba ya tsagewa in an yi turmi da shi, makiyayi ya san ciyawar da ke kashe saniya, tsohuwa kuwa ta san ganyen da a kan ci ran da rumbu ya ƙare. Itatuwan sun tafi da sunayen baƙi cikin littattafai, amma ilmin na kakanninka ne. Abin da baƙin suka ƙara abu biyu ne, rubutu da gwadawa.

Ga yadda su ke gwadawa. Ba su kan dogara ga ganye kaɗai ba, gama ganye ya kan ruɗi mutum. Fure da 'ya'ya su ke dubawa. Ta haka suka gane gawo, da ɗorawa, da bagaruwa, da wake, da gyaɗa duk dangi ɗaya ne, dukansu cikin kwanso su ke yin 'ya'ya. Sunan Latin kuwa amfaninsa shi ne, in Bakano ya ce hano, wani ya ce ararrabi, Bafillace da Babarbare kowa ya faɗi nasa, suna ɗaya ya kan nuna musu itace guda su ke nufi.

4. Abin da manomi zai ɗauka

Na fari, gawo. Kowa ya sani ya kan zub da ganye da damina, ya yi kore da rani, gero kuwa ya fi kyau a gindinsa. Masana sun bi dalili. Ganyensa ya kan faɗi daidai lokacin shuka ya zama taki, ba ya hana shuka rana, dabbobi su kan sha inuwarsa da rani su bar kashi. Saiwarsa kuma irin ta wake da gyaɗa ce, tana iya jawo wa ƙasa ƙarfi daga iska. Wanda ya sare gawo don itacen wuta ya sayar da takin shekaru don girkin wata ɗaya.

Na biyu, ƙuduji, wanda a ke ce wa wuta-wuta, masana kuwa Striga. Saiwarsa ta kan manne wa ta dawa ko gero tun a ƙarƙashin ƙasa, ta sha ruwa da abincinta, kafin ka ga jan furen ɓarna ta yi nisa. Gindi ɗaya ya kan zub da iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, su kan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10. Saboda haka a tumɓuke shi kafin ya yi iri, a fid da shi daga gona a ƙone. A riƙa juya shuka da gyaɗa, ko auduga, ko waken soya, gama su kan sa irin ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu.

Na uku, kututture. Daga wajen 1984 manoman Maraɗi suka daina share gona ƙarƙaf. In sabara ko kalgo ko gawo ya yi toho a kututture, su kan bar masu ƙarfi kaɗan, su datse sauran, su kiyaye su daga dabbobi. Sun kira abin sassabin zamani. An ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 ta sake samun itatuwa ta haka a ƙasashen Maraɗi da Damagaram. Ruwan samansu kuwa bai kai naku ba.

5. Roƙo ga dagatai da masu unguwa

Ranku ya daɗe, abin da Dalziel ya yi ba ya bukatar jirgi. Littafin rubutu da alƙalami sun isa. A sa wani mai karatu ya zauna da tsofaffi, maza da mata, da maharba, da wanzamai, da Filani makiyaya, ya rubuta sunan kowane itace da ciyawa na ƙasar gari, da inda ya ke fita, ko fadama ko jigawa ko bakin kogi, da lokacin furensa, da amfaninsa, da cutarsa in yana da ita. Lalle a rubuta sunan wanda ya faɗa, kada a sake mantawa da masu ilmin.

In an sami wanda ba a tabbata da shi ba, a yanko reshe mai ganye da fure, ko 'ya'ya, a shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da abu mai nauyi a inuwa. A riƙa sake takarda kullum har ya bushe, a rubuta suna da wuri da rana, a kai wa malamin gona, ko malaman jami'ar da ke Wudil. Batun magani kuwa, rubuta shi ba izinin sha ba ne, gama cikin itatuwa akwai masu dafi. A tambayi likita tukuna.

Oudney ya ratsa Sahara domin ganyen da kai ka ke takawa kullum a hanyar gona. Tsofaffin da suka san sunayensu suna nan cikin zaurukanku, amma ba za su dawwama ba. A fara aikin nan bana, tun kafin sharar gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.