Suleja: Gidaje na ƙaruwa, wuta na tsada, tsimi sai mai mita

Tun da asuba ma'aikatan tarayya ke barin Suleja da Madalla, su wuce Dutsen Zuma zuwa ofisoshinsu a Abuja. Tsadar haya ce ta koro da yawansu nan. Kowane sabon gida kuma da firjinsa da fankokinsa yake tarewa, duk a kan taransifomar unguwa guda. Kasancewar madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru a Jihar Neja bai sa wutar ta yi araha ba.

A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit. A wannan farashi, tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 da ke kunne awa 10 kullum zai ci naira 4,050 a wata. Na LED mai wat 9, da haske kusan ɗaya, kimanin naira 600. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa yunit guda yake lashewa cikin awa ɗaya.

Sai dai wannan lissafi na mai mita ne. Magidancin da ake kawo wa bil na ƙiyasi, ko ya kashe komai ya kwana a duhu, kuɗin da aka yanka masa zai biya.