Shugabancin Kamfanin Akantoci da Amanar Jama'a

Idan wata hukuma ko ƙungiyar manoma ta ɗauki kamfanin akantoci domin binciken littattafan kuɗinta, ita ce ke biyan ladan aikin, amma amanar ta jama'a ce. A nan ake gane nagartar shugaban kamfanin: shin zai iya gaya wa mai biyansa gaskiya komai ɗacinta?

Abin da ya faru a Amurka ya ishe mu darasi. Kamfanin Arthur Andersen, wanda aka kafa a birnin Shikago a 1913, shi ne mai binciken asusun kamfanin makamashi na Enron. A shekarar 2000 kaɗai, Enron ya biya shi kimanin dala miliyan 25 na bincike, da miliyan 27 na ba da shawara. Da Enron ya durƙushe a 2001, sai ɓoyayyun basussukansa suka bayyana. A 2002 kotu ta sami Andersen da laifin yi wa shari'a zagon ƙasa, bayan an lalata takardu. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2005, amma abokan hulɗa sun riga sun watse.

Saboda haka muna jan hankalin jami'an ƙananan hukumomi da shugabannin ƙungiyoyin gama kai. A tabbatar akantan ɗan ƙungiyar ICAN ko ANAN ne. Kada wanda ya rubuta lissafi ya zama shi ne mai bincikensa. Sannan a karanta rahoton a gaban masu dukiyar.