Na'urar Gwada Ruwa Ba Likita Ba Ce

Akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce tsawon biro ba, wadda masu kamfanin ruwan leda da masu haƙa rijiyar burtsatse suka sani sarai. Ana ce mata TDS. A cire murfinta, a tsoma bakinta cikin ruwa, nan take lamba ta fito a ɗan gilashinta: 40, ko 250, ko 900. Ita ce kuma ake gani a hannun masu bidiyon YouTube da Facebook da ke koya wa mutane haɗa "ruwan azurfa" a gida, wai maganin kowace cuta. Tunda bidiyon da ɗan Amurka ya kalla shi ne matashi a Gumel ko Sule Tankarkar yake kallo a wayarsa, gara a san me lambar nan take nufi tun kafin wani ya kai kofi baki.

A bakin na'urar akwai ƙananan ƙarafa biyu. Tana sakin lantarki kaɗan daga ɗaya zuwa ɗaya, sai ta auna yadda ya ratsa ruwan. Tataccen ruwa zalla da ƙyar yake barin wuta ta wuce. Abin da ke ɗaukar wutar shi ne gishiri-gishirin da ya narke a ciki, ya rarrabu zuwa ƙwayoyi masu caji. Ma'aunin na asali sunansa maikirosimens. Na'urar ce ke ninka shi da wani adadi, galibi tsakanin 0.5 da 0.7, ta fitar da lambar ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Kintace ne kawai, kuma da ruwan gishiri aka saita ta tun daga masana'anta.

Kowa zai iya gwadawa. A cika kofi uku da ruwan randa ɗaya. A barbaɗa gishiri a na farko, lamba za ta yi tsalle. A jefa ɗan gutsuren kanwa, irin wadda ake sayarwa a kasuwar Maigatari ran Alhamis, a na biyu, ita ma ta hau. A zuba sukari cokali biyu a na uku, a dama har ya narke: ruwan ya yi zaƙi cau, amma lambar tana nan kusan inda take, domin sukari ba ya ɗaukar caji. Ashe akwai abin da harshe ke ji, na'urar ba ta san da shi ba.

Nan ne masu ruwan azurfa suke tuntuɓe. Suna tsoma wayar azurfa biyu cikin ruwa, su haɗa da batir, wuta ta riƙa zaizayo ƙarfen. Wani sashe yana narkewa a matsayin ƙwayoyi masu caji, wani kuma ya zama ɓurɓushin ƙarfe da ke yawo a ruwan. Na'urar tana jin na farko, amma na biyun, wanda shi ne ake tallar da sunansa, ba ta ganinsa. In ta nuna 10, ba wai azurfa kashi 10 cikin miliyan ce a ciki ba. In kuma ruwan rijiya aka yi amfani da shi, gishirin cikinsa zai kama azurfar, ruwan ya yi fari-fari, lambar ta zama ta gishirin rijiya. Zoben azurfar kasuwa ma gauraye yake da jan ƙarfe, kuma na'urar ba ta bambance wannan ƙarfe da wancan.

Ko da ma lambar ta yi daidai, tsugune ba ta ƙare ba. Jikin ɗan Adam ba ya buƙatar azurfa, kuma wadda aka daɗe ana sha takan taru a fata da dasashi da farce da farin ido. Likitoci na kiran wannan arjiriya. Fata takan koma toka-toka mai shuɗi, kamar hannun marini, sai dai wannan ba ya wankuwa. Paul Karason, wani Ba'amurke da ya riƙa haɗa ruwan da kansa, ya bayyana a talabijin a 2008 fuskarsa shuɗiya, kuma haka ya zauna har ya rasu a 2013. Stan Jones, wanda ya nemi kujerar sanata a jihar Montana a 2002, shi ma haka ta same shi. Azurfa kuma tana hana jiki tsotse wasu magungunan ƙwayoyin cuta irin su tetirasaikilin. Tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce ba a tabbatar da amfani ko amincin irin waɗannan haɗe-haɗe ba. Inda azurfa ke aiki a asibiti shi ne a waje, kamar man da ake shafa wa ƙuna.

Mu ma mun taɓa shiga wannan ruɗani. A watan Agusta na 2014, bayan da Ebola ta shigo Legas, ministan lafiya Farfesa Onyebuchi Chukwu ya sanar cewa za a gwada wani ruwan azurfa mai suna Nano Silver a kan majinyata. Kwanaki kaɗan bayan haka aka janye maganar, domin bai cika sharuɗɗan binciken lafiya na ƙasa ba. A watan ne kuma aka tashi jama'a da tsakar dare ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, har wasu suka rasa rayukansu. Abin da ya kori Ebola, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Nijeriya ranar 20 ga Oktoba, shi ne bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar da killace su.

Ba wai na'urar ba ta da rana ba. A masarautar Gumel, inda rijiya da burtsatse ne madogarar mutane da dabbobi, amfaninta a bayyane yake. Mai batirin sola zai iya tsoma ta cikin galan ɗin ruwan batir da ya sayo: in tatacce ne na gaskiya, lambar za ta tsaya dab da sifiri, in ta nuna ɗari, ruwan famfo aka ɗura masa. Mai noman rani a Gagarawa zai san ko ruwan da yake bai wa shuka yana tara gishiri a ƙasa. Wanda ya haƙa sabuwar burtsatse zai kwatanta da ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda ta sa iyaka a miligiram 500 cikin lita ɗaya.

Amma iyakarta ke nan. A 2021 kwalara ta yi ɓarna a ƙasar nan, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma ruwan da ke ɗauke da ƙwayar cutar zai iya nuna lamba mai kyau tsaf. Maganin wannan shi ne tafasawa, ko kilorin, ko kai samfur ɗakin gwaji. Duk wanda ya miƙo maka kwalba yana nuna lamba a matsayin shaida, tambaye shi rajistar NAFDAC. Mai zazzaɓi kuwa a kai shi asibiti a gwada jininsa, kada garin neman gira a rasa ido.