Araha Ba Ta Ado: Hattara Ga Masu Bin Ayarin Yawon Buɗe Ido

Da zarar an yi hutun makaranta ko an doshi ƙarshen shekara, sai tallan kamfanonin shirya tafiye-tafiye ya cika wayoyin jama'a: mako guda a Istambul, ko Alƙahira, ko Dubai, da tikiti da biza da otal da abinci da jagora, duk a dunƙule. Wani farashin in ka zauna ka lissafa, da ƙyar zai biya jirgi da masauki. Mutum ya ga garaɓasa, sai ya biya da sauri kada a cike gurbi. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne, sauran kuɗin daga ina za su fito? Direban bas ba aikin sadaka ya fito ba, jagora ma yana da iyali. Sau da yawa cikon yana fitowa ne daga aljihun matafiyi, a kantunan da za a sauke shi a can.

Tafiya cikin ayari tana da amfaninta. Wanda bai san gari ba, bai iya harshen mutanensa ba, ya huta da neman mota da layin tikiti da ɓatan hanya. Kamfanonin kirki ma suna nan da yawa. Sai dai ya kamata mai biyan kuɗi ya san yadda sana'ar take tafiya.

Yadda ake mayar da kuɗi

A manyan biranen yawon buɗe ido akwai kantunan da ba su dogara da mai wucewa ba. Ayari suke jira. Sun yi yarjejeniya da kamfani ko da jagora cewa duk bas ɗin da aka kawo, akwai la'ada a kan abin da aka saya, wani lokaci har a kan kowane kai da ya shiga. Kamar dai dillalin kara ne da zai riƙe maka hannu ya kai ka wurin mai sa, alhali rabonsa yana cikin farashin da za a yanka maka. Bambancin kawai, na kara ka san dillali ne, wannan kuwa ka ɗauke shi mai masaukinka.

Inda abin ya fi ƙamari shi ne tafiye-tafiyen mutanen Sin, har ta kai ana sayar da tafiya ƙasa da abin da aka kashe mata, da niyyar fanshewa a kanti. Da koke ya yi yawa, ƙasar ta kafa dokar yawon buɗe ido da ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2013. Sashe na 35 ya haramta jawo mutane da farashin da hankali ba zai ɗauka ba don a ci la'adar sayayya, ya kuma ba wanda aka cuta kwana 30 bayan tafiya ya nemi a karɓi kayan a mayar masa da kuɗinsa. Duk da haka, a Oktoban 2015 wani ɗan ayari ya rasa ransa a Hong Kong bayan dukan da aka yi masa a ƙofar wani kantin kayan ado, sanadin rigimar da ta tashi kan ƙin sayayya. A 2016 gwamnatin Tailan ma ta yi dirar mikiya a kan kamfanonin da ke irin wannan harka. A ƙasashen da mutanenmu suka fi zuwa, ba a cika tilasta wa kowa ba. Da shayi da fara'a ake yi.

Ga yadda yake kasancewa. An fito daga kallon dalar Giza a Masar, rana ta buga, ƙafa ta gaji. Jagora ya ɗauki lasifika ya ce akwai wata masana'anta ta amana da za a ga yadda ake yin takardar Fir'auna ko man turare, kallo kawai, ba dole a saya ba. A shiga ɗaki mai sanyi, a zaunar da kowa, a kawo shayi. Wani ya yanka karan fafiras a gabanku, ya jiƙa, ya jera, ya danne, ya fito da takarda. Kafin a ankara kowane mutum yana da mai sayarwa guda a gefensa yana kiransa Alhaji, yana ce da matarsa Hajiya, yana rantsuwa cewa don ku 'yan'uwa Musulmi ne ya yi ragi. A Turkiyya kuwa darduma ce za a yi ta warwarewa ɗaya bisa ɗaya a gabanka, ko a yi nunin rigunan fata. Ka sha shayin mutane, an ɓata lokaci a kanka, abokan tafiya sun fara zaro kati, sai kunya ta kama ka. Wannan kunyar ita ce jarin kantin. Shayin an riga an lissafa shi a farashin kaya, don haka ba bashi ba ne a kanka. Ka ce na gode, ka koma mota.

Masu zuwa Umara ma sun san irinsa. Ziyarar Uhudu da Ƙuba da Ƙiblataini takan ƙare a gonar dabino ko a wani shago da direba ya zaɓa. Kafin ka cika kwali da ajwa, ka zagaya kasuwar dabino ta Madina ka ji farashi.

Kallo: lokacinka ka saya

Duk sa'ar da aka ɓata a kanti, daga lokacin kallo aka yanke ta. Shi ya sa za ka ga an ba ayari 'yan mintuna a masallacin Sultan Ahmad na Istambul, an kuma shafe rabin yini a shagon fata. Ka nemi jadawalin tafiya a rubuce, mai nuna wuraren da za a shiga da waɗanda za a gani daga tagar mota kawai. Kai ka gindin Burj Khalifa ka ɗauki hoto daban, hawa samansa daban, kuma hawan da tikitinsa. Tun Janairun 2024 baƙin da ke shiga Aya Sofiya a Istambul don kallo suna biyan Yuro 25. Fadar Topkapi, inda aka adana kayan tarihin Musulunci da mutanenmu ke ɗokin gani, ba ta buɗewa ran Talata, babbar kasuwar Istambul mai rufi kuma a kulle take ran Lahadi. Jadawalin da ya sa su a waɗannan ranaku, mai shi bai san aikinsa ba, ko kuma ya san ba za a je ba.

A wurin dalar Giza, kada ka hau raƙumi ko doki sai an yanke farashin zuwa da dawowa, da irin kuɗin da ake nufi, fam ɗin Masar ko dala. Wanda ya ɗora maka rawani ko ya karɓi wayarka zai ɗauke ka hoto, kuɗi yake nema. A Daular Larabawa kuma ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba laifi ne a doka, haka ma gine-ginen tsaro.

Abinci

Idan talla ta ce har da abinci, ka tambaya: sau nawa a rana? Galibi karin kumallo ne kawai, ko shi da na dare. A wurare da dama abincin yana cikin kuɗin tafiya, amma ruwa da lemo kai za ka biya, da tsada. Gidan abincin da ake kai ayari shi ma yakan ba da la'ada. Idan an ba ku lokacin kanku, ka lura da inda 'yan gari suke ci, ka nemi takardar farashi kafin ka zauna. Kifi a Istambul sau da yawa da kilo ake sayarwa, don haka a auna a gabanka a faɗi kuɗinsa kafin a gasa. A Masar kuma akan ɗora kuɗin hidima da harajin kashi 14 cikin ɗari a kan abin da ka gani a rubuce.

Mai iyali ya bincika abin da ke cikin liyafar dare. Cin abinci a jirgin ruwa a mashigin Bosforus ko a kogin Nilu, da walimar sahara a Dubai, yawanci suna haɗe da rawar mata, wasu har da giya. Gara ka sani tun a gida da ka sani kana zaune da surukarka. A ƙasashe irin Sin da Tailan, rashin ganin naman alade a faranti bai isa hujja ba, domin ana girki da kitsensa. A nemi gidan abinci mai shaidar halal. Mai ciwon suga ya riƙe ɗan abin taɓawa a jaka, don lokacin cin abincin ayari ba ya da tabbas.

Tsaraba

Zinare ne ya fi cin kuɗin mutanenmu. A duba hatimin da ke jikinsa: 916 na nufin karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18. A kasuwar zinare ta Deira a Dubai ana nuna farashin giram na ranar a allo, don haka abin da ake tayawa shi ne kuɗin ƙira. A auna a gabanka, rasit ya nuna nauyi da karat da kuɗin ƙira kowanne daban. Baƙo a Daular Larabawa yana iya karɓar mafi yawan harajin kashi 5 da ya biya idan sayayyarsa ta kai dirhami 250, muddin ya nuna fasfo a kantin da ke cikin tsarin, ya kuma tantance a filin jirgi kafin ya tashi. Idan na'urar kati ta ba ka zaɓin biya da dala ko da kuɗin ƙasar, zaɓi na ƙasar, domin canjin na'urar ya fi tsada.

Akwai tsarabar da ke kai mutum kurkuku. Masar da Turkiyya duk suna da dokoki tun 1983 da suka haramta fitar da kayan tarihi, ko da tsohon kwabo ne ko ɗan dutsen da ka tsinta a kufai. Hauren giwa haramtacce ne a cinikin ƙasa da ƙasa. Wajen tafiya kuma, taramol ya jefa matafiya gidan yari a Masar, goro kuma Saudiyya ta hana shiga da shi. Kada ka karɓi saƙon kowa, ko ɗan ayarinku ne, sai ka buɗe ka gani. Turare ko zuma da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu, kuɗin da ya haura dala 10,000 kuma wajibi ne a bayyana wa kwastam na Najeriya.

Kafin ka biya

Ka tabbatar kamfanin yana da rajista da ofishin da za ka iya takawa ka je. Idan Umara ce, ya kasance da lasisin hukumar alhazai ta NAHCON. Ka biya ta asusun kamfani, ka karɓi rasit. Sannan ka yi tambayoyi huɗu, a ba ka amsa a rubuce: kanti nawa za a tsaya, kuma tsawon wane lokaci? Waɗanne tikitocin shiga ne ke cikin kuɗin? Abinci sau nawa? Akwai ladan jagora da direba da za a karɓa a can? Fasfonka kuma ya zauna a hannunka.

Kamfanin gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce ka bari sai an isa can, cinikin biri a sama yake so ku yi. Idan an saɓa alkawari, a Najeriya akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC da ake kai wa ƙara, amma abin da za a fara tambayarka shi ne takarda. Alkawarin da aka yi maka da fatar baki ba zai dawo maka da ko sisi ba.