Yadda A Ke Kula Da Gindin Jirgin Ruwa Mai Filafilai

A zamanin da alhazan ƙasar Hausa su ke tafiya Makka ta ƙasa, su kan ratsa Chadi da Sudan har su kai Sawakin, a bakin Bahar Maliya. Daga nan da yawansu su kan shiga jiragen katako na Larabawa su haye zuwa Jidda, tafiyar kamar mil 200. Irin waɗannan jirage iska ce ke tura su, ta bugi manyan ƙyallayen da a ke kira filafilai. Mai kallo daga gaɓa filafilan ya ke gani, amma lafiyar jirgi da ta mutanen cikinsa tana ga gindinsa, watau sashen da ke nutse cikin ruwa dare da rana, inda ido ba ya kaiwa.

Abokan gaba iri biyu

Na farko su ne masu mannewa. Jirgi ba ya kwana da yawa cikin teku sai wata irin yauƙi ta rufe gindinsa, gansakuka ta tsiro bisanta, sa'an nan waɗansu 'yan halittu masu ɓawo mai tauri su kafu, su yi ta girma har katakon ya yi kaushi kamar bayan kada. Waɗannan ba su huda jirgi, sai dai su riƙe shi. Ruwa ba ya zamewa a jikinsa sosai, gudunsa ya ragu, juya shi ya yi wuya. Jirgin da ba shi da inji kuwa, in ya yi nauyin tafiya, guzuri da ruwan sha su kan ƙare tun ba a ga tudu ba.

Na biyu ita ce tsutsar katako, wadda ta fi haɗari nesa. Ko da ya ke siffarta ta tsutsa ce, asalinta dangin makankari ce, da ɗan ɓawonta a ka, wanda ta ke gurzar itace da shi. Tana ƙarama ƙwarai ta ke shiga, ramin shigarta bai fi na allura ba. A ciki ta ke girma, har ta kai ƙafa guda ko fiye. Aikinta irin na gara ne: katako ya zauna sumul daga waje, cikinsa kuwa duk ramuka.

Tarihi ya nuna ɓarnarta. Kolumbas ya tashi daga Sifen da jirage 4 a 1502. A 1503 tsutsar nan ta cinye biyun da suka rage masa, har tilas ya kafa su a gaɓar tsibirin Jamaika, shi da mutanensa suka shekara a can kafin a zo a kwashe su.

Dabarar mutanen gaɓar teku

A gaɓar Afirka ta Gabas, kamar Lamu da Zanzibar, teku ta kan cika ta janye sau biyu a kwana ɗaya, cikar kuma ta fi girma a tsayuwar wata da daren sha huɗu. A lokacin nan ne matuƙa su kan kai jirgi kan rairayi, su tokare shi da itatuwa ko su kwantar da shi a gefe guda. Da ruwa ya janye sai aiki ya tashi, ba jinkiri, domin sa'o'i kaɗan ne ruwan zai komo.

Da fari a kankare gindin tun yana da danshi, gama in abin da ya manne ya bushe ya fi wuyar fita. Sa'an nan a bi katako ɗaya ɗaya ana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya ya kan yi ƙara tsaf, wanda aka ci daga ciki kuwa amonsa kamar na gangar da ta jiƙa. Irin wannan sai a cire shi a sa sabo, shafe ba ya yi masa magani. Bayan haka a duba tsakanin katako da katako, a cusa auduga da aka jiƙa da mai duk inda ya buɗe. Daga ƙarshe a dafa kitse da farar ƙasa, wadda a ke samu ta wurin ƙona duwatsun teku, a shafe gindin duka da hannu. Abin da ke bisa ruwa kuma a shafa masa man kifi don kada rana ta tsattsaga shi. Shafen kitsen nan ba ya daɗewa, bayan 'yan watanni lalle a sake shi.

Dabarun Turawa

A 1761 mayaƙan ruwa na Ingila suka rufe gindin wani jirginsu mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe. Tsutsa ta kasa hudawa, masu mannewa kuma suka ragu, domin jan ƙarfe dafi ne gare su. Amma sai wata matsala ta ɓullo. In jan ƙarfe da baƙin ƙarfe suka haɗu cikin ruwan gishiri, baƙin ya kan zagwanye da sauri, saboda haka ƙusoshin da ke riƙe da jirgi suka riƙa lalacewa a ɓoye. Sai da aka koma ga ƙusoshi masu haɗin jan ƙarfe. A 1824 wani masani, Hamfiri Debi, ya nuna cewa in aka liƙa guntun tutiya, ita ce za ta zagwanye ta ceci ƙarfen da ke kusa da ita. Har yanzu a kan liƙa wa jirage irin guntayen nan, a sake su in sun cinye kamar rabi.

Yau fenti ne ya maye gurbin fallaye. Galibinsa yana da haɗin jan ƙarfe wanda ke fita kaɗan kaɗan cikin ruwa, shi ya sa a kan fid da jirgi tudu shekara shekara, ko bayan shekara biyu, a wanke a sake shafawa. Akwai wani fenti mai haɗin kuza da aka yi yayinsa, amma aka tarar yana kashe halittun teku. Faransa ta hana shafa shi ga ƙananan jirage a 1982, aka ƙulla yarjejeniyar hana shi tsakanin ƙasashe a 2001, ta fara aiki a 2008. Mai kankare tsohon fenti ya kamata ya rufe hanci da baki, ya kuma tattara garin, kada ya zuba cikin ruwa.

Abin da ya shafi hakimai

Tsutsar katako ba ta rayuwa cikin ruwan daɗi, saboda haka jiragen Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi sun tsira daga gare ta. Duk da haka katakonsu ya kan ruɓe, ya kan tsage, ƙusa ta kan yi tsatsa, kuma daga gindi a kan fara. Jirgin fito ya kan ɗauki mutane da dabbobi da kaya a ranar kasuwa, in gindinsa ya buɗe a tsakiyar kogi ba a samun damar gyara.

Saboda haka ya kyautu kowane hakimi da ke da mafita a ƙasarsa ya umurci sarkin ruwa a fid da kowane jirgi tudu da rani, a kife shi, a kankare, a ƙwanƙwasa, a toshe, tun ruwa bai kawo ba. Malamin hakimi ya rubuta a littafi sunan mai jirgi, da ranar da aka duba, da abin da aka gyara. Jirgin da aka samu da ruɓaɓɓen katako kada a bar shi ya ɗauki mutane sai an sake katakon, an kuma sake dubawa.