3.4 Asalin Kalmar Launin Toka a Harsunan Turai

Berlin da Kay (1969) sun sanya launin toka cikin launukan da harshe kan raɗa wa suna daga ƙarshe. Idan aka dubi harsunan Turai za a ga alamar haka, domin wasunsu aro suka yi, wasu kuma suka jingina sunan ga abin da ido ya saba gani.

Kalmar Faransanci "gris" da ta Italiyanci "grigio" ba daga Latin suka fito ba, duk da cewa Latin ce uwar harsunan biyu. An aro su ne daga harsuna dangin Jamusanci. Abin lura shi ne, a cikin Jamusancin kansa wannan tushe ya bar launi ya koma kan mutum, domin a yau "Greis" na nufin tsoho tukuf, wato mai furfura. Ita kuwa "grey" ta Ingilishi, kamar "grau" ta Jamusanci, gado ce ba aro ba.

Harshen Fotugal hanyar Bahaushe ya bi: "cinza" toka ce, daga gare ta aka sami "cinzento". Rashanci kuma ya raba kalmar gida biyu, "seryj" ga launin abu, "sedoj" ga gashi. A ganin mai wannan bincike, nan ne mai fassara ya fi saurin yin tuntuɓe, domin in ya mayar da "sedoj" ruwan toka ya ɓata ma'ana. Bahaushe ba ya cewa kan tsoho ya yi ruwan toka, sai dai ya ce ya yi furfura.