Adamu Mayaƙi na Filinge: ɗan majalisar da ya tsaya tsakanin giwa da raƙumi

Idan ana labarin yadda Nijar ta samu 'yancin kai, sunaye biyu ne ke fara zuwa baki: Diori Hamani da Jibo Bakari. Na farko alamar jam'iyyarsa giwa, na biyu raƙumi. Amma a shekarun 1950 akwai rukuni na uku wanda bai taɓa riƙe ragamar mulki shi kaɗai ba, sai dai duk ɓangaren da ya jingina da shi, shi ke yin sama. Masu sassaucin ra'ayi ke nan, akasarinsu 'ya'yan sarauta da suka yi boko. Ɗaya daga cikin fitattunsu ɗan ƙasar Kurfai ne, Adamu Mayaƙi, wanda aka haifa a Filinge a 1919.

Sai an san ƙasar kafin a gane mutumin. Filinge na cikin kwarin Dallol Boso, arewa maso gabas da Yamai. Kurfayawa Hausa suke ji, amma kewaye suke da maƙwabta masu wani harshe: Zabarmawa ta yamma da kudu, Buzayen Imanan da hedikwatarsu a Bonkuku, sai na Tagazar can wajen Balleyara, ga Fulani makiyaya masu bin kwarin saboda ruwansa ba nisa. A ƙarni na 19 zaman wurin zama ne na hari da sulhu, yau a yi ƙawance gobe a warware. Da Faransawa suka iso a farkon ƙarni na 20, jagoran yaƙin Kurfayawa, Gado Namalaya, ya zaɓi ya yi hulɗa da su maimakon ya tare su da mashi, su kuma suka tabbatar wa gidansa sarautar Kurfai. Daga wannan gida Adamu ya fito. Ya tashi a inda aka san cewa mai ƙaramin ƙarfi da dabara yake tsira, kuma ana iya ganin wannan tarbiyya a duk siyasarsa.

Ya yi karatu har makarantar Katibugu a ƙasar da ake kira Mali yanzu, inda Faransa ke horar da ma'aikatan gona na yankin, ya dawo yana aikin noma a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka. Ma'aikacin gona a wancan zamani ƙauyuka yake zagayawa, ya san sarkin kowane kanto, ya san manomin gyaɗa da abin da ke damunsa, ya kuma san ofishin kumandan ciki da bai.

A 1946 ƙofar siyasa ta buɗe. An soke aikin tilas, an soke dokar da ta bai wa kumandan damar ɗaure talaka ba shari'a, aka kuma kafa majalisar ƙasa mai ɗan ƙaramin iko kan kasafin kuɗi da lanho. A wannan shekara aka kafa jam'iyyar PPN ta su Diori Hamani, wadda ta zama reshen RDA ta Afirka ta Yamma. Da yake RDA ta ƙulla ƙawance da 'yan kwaminis a majalisar Faransa, hukumomin mulkin mallaka suka ɗauke ta abokiyar gaba. Shi ya sa a 1948, zamanin gwamna Jean Toby, aka kafa UNIS a Maraɗi da goyon bayan bariki da sarakuna. Nan Adamu Mayaƙi ya sami gurbi. UNIS ta yi ƙarfi ƙwarai: a zaɓen 1951 ta kwashe kujeru biyun Nijar a majalisar dokokin Faransa, Georges Condat da Zodi Ikhia suka tafi Paris, Diori ya faɗi.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan. Nasarar UNIS ba ta farin jini kaɗai ba ce. A ƙauye, ranar zaɓe, mutum ya san wace takarda sarkin kanto ke so a jefa, kuma sarkin kanto ne ke rubuta sunan mai biyan lanho, shi ke raba gardamar gona da ta rijiya. Dogarinsa na tsaye kusa da rumfar zaɓe ba sai ya ce uffan ba.

A 1952 aka zaɓi Adamu ɗan majalisar ƙasa, daga baya kuma ya wakilci Nijar a majalisar Tarayyar Faransa da ke zama a Versailles. Wannan ta biyun majalisar shawara ce kawai, ba ta yin doka. Duk da haka makaranta ce babba. A can ɗan Afirka ke koyon rubuta ƙuduri, da zaman kwamiti, da sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a Paris idan ana neman kuɗin hanya ko na asibiti. Ra'ayin irinsu Adamu a taƙaice shi ne: a ƙara wa 'yan ƙasa iko sannu a hankali, kada a yi fito-na-fito da Faransa, kada kuma a taɓa sarauta.

UNIS ba ta daɗe a dunƙule ba. Condat ya ɓalle a 1953, sannan a 1955 aka haɗu da shi da Isufu Sa'idu Jarmakoy na gidan sarautar Doso da Adamu Mayaƙi aka kafa BNA. Daga nan ne abin mamaki ya faru. Jibo Bakari ya riga ya rabu da PPN, ya kafa UDN a 1954, jam'iyyar 'yan ƙwadago, 'yan dako, direbobi da ƙananan 'yan kasuwa, mai kiran Sawaba irin wanda NEPU ta Malam Aminu Kano ke yi a ƙetaren iyaka. A ƙarshen 1956 'ya'yan sarautar BNA suka haɗa kai da wannan jam'iyya ta talakawa. Jibo ya zama magajin garin Yamai, jam'iyyun biyu suka narke suka zama MSA, wadda aka fi sani da Sawaba, kuma a zaɓen Maris 1957 suka ci kujeru 41 cikin 60, PPN ta tashi da 19. Jibo ya kafa gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a ƙarƙashin dokar Faransa da aka sani da dokar Defferre, Adamu Mayaƙi na cikin ministocinsa, da ma'aikatar noma ya fara.

Me ya haɗa su? Lissafi. Jibo na da birane da bakin magana, amma ƙuri'ar karkara na hannun sarakuna. Su kuma 'yan BNA na da karkara, ba su da ƙungiya mai tara jama'a. Ba a daɗe ba ɓaraka ta fara, don gwamnatin Sawaba ta shiga dakatar da wasu sarakunan kanto da tuɓe wasu, matasan jam'iyya kuma suka fara ɗaga wa masu rawani murya a bainar jama'a.

Igiyar ta tsinke a 1958. Janar de Gaulle ya dawo mulki ya ce kowace ƙasa ta zaɓa ranar 28 ga Satumba: i, a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a'a, a ɗauki 'yanci nan take a rasa tallafi. Jibo, kamar Seku Ture na Gini, ya ce a'a. Faransa ba ta shirya sakin Nijar ba, ga yaƙin Aljeriya na ci a arewa, ga tsoron kada ƙasar ta karkata zuwa Najeriya. Aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, ya zagaya fadoji, aka baza sojoji. Adamu Mayaƙi da Isufu Sa'idu da sauran manyan tsohuwar BNA suka bar Jibo suka koma ɓangaren i. Sakamakon da aka bayyana ya ba i kusan kashi 78 cikin ɗari, ko da yake waɗanda suka fito zaɓen ba su kai kashi 40 ba. Gwamnatin Jibo ta faɗi a Oktoba. A Disamba haɗakar UCFA, wadda ta tara PPN da waɗanda suka sauya sheƙa, ta lashe majalisa, ranar 18 ga watan aka shelanta jamhuriya, Diori ya hau, Bubu Hama ya zama shugaban majalisa.

'Yan Sawaba sun kira abin da Adamu ya yi cin amana, kuma har yau akwai masu wannan ra'ayi. Masu kare shi na cewa ya duba ƙasa ce marar teku, marar layin dogo, mai 'yan boko ƙalilan, wadda arzikinta gyaɗa ne da dabbobi, ya ga ba za ta jure irin horon da aka yi wa Gini ba. Ni a ganina hujjar na da nauyi. Inda take da rauni shi ne abin da ya biyo baya. An soke kujerun da Sawaba ta ci, an haramta jam'iyyar a Oktoba 1959, ƙasa ta shiga 'yancin 3 ga Agusta 1960 da jam'iyya ɗaya. Mai tsaka-tsaki yana da daraja ne idan akwai ɓangarori biyu masu zawarcinsa. Da aka kawar da ɗaya, su ma masu sassaucin suka rasa abin ciniki, majalisa ta koma wurin ɗaga hannu.

Adamu ya ci gaba da zama minista a gwamnatin Diori, kuma daga 1963 zuwa 1965 shi ne ministan harkokin waje. Lokaci ne mai zafi. A ƙarshen 1963 rikicin tsibirin Lete ya tashi da Dahomey, Benin ta yau, har Nijar ta kori ma'aikatan Dahomey da ke aiki a ofisoshinta. A 1964 mayaƙan Sawaba suka kutso ta kan iyakoki, aka murƙushe su, aka harbe wasu a gaban jama'a, a Afrilu 1965 kuma aka jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla. Ikon gaske a wannan lokaci na hannun mutum uku, Diori da Bubu Hama da ministan cikin gida Diamballa Yansambu Maiga, dukansu 'yan PPN na asali. Waɗanda suka shigo a 1958 an ba su kujeru masu daraja, amma ba a cika shigar da su ɗakin da ake yanke hukunci ba. Bayan ma'aikatar harkokin waje sai aka tura Adamu jakada a Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ɗansa, Ibrahim Hasan Mayaƙi, ya zama firaminista a 1997 zamanin Ibrahim Ba'are Mainasara, ya riƙe muƙamin har farkon 2000, daga baya ya shugabanci hukumar NEPAD ta Tarayyar Afirka. Shi kuwa uban ya rasu a 2003. Kafin nan, a 1991, shekarar da aka yi babban taron ƙasa aka dawo da jam'iyyu da yawa, ya wallafa littafi da Faransanci mai ɗauke da takardu da shaidu kan jam'iyyun siyasar Nijar. Ya fara daga 1946 ya tsaya a 1958, bai shiga zamanin jam'iyya ɗaya da ya yi wa hidima ba.